Kama da Wane

Ƙarfe biyun dare a Krakow.
Taragon ƙarshe ya wuce, ya bar gilashin taga yana rawa.
Ni kaɗai na rage a hawa na uku,
ni da firij mai gurnani
da ɗigon jinin da bai kai ƙwayar gero ba.

A bakin ƙofar Teofil mai gyaran agogo aka kankaro shi.
Shi Teofil tun Talata aka binne shi.
Agogunansa arba'in da ɗaya suna can suna ta bugawa,
ba wanda ya gaya musu.

Sufeto Wrona ya zo da yamma, dusar ƙanƙara a kafaɗarsa.
Ya ce, Halszka, jinin nan bai dace da na kowa ba a rumbunmu.
Ba suna, ba hoto, ba wanda ya gani.
Ki ba ni ko da gashin kansa ne.
Miƙaƙƙe ne? Mai ɗan lanƙwasa?
Ko murɗaɗɗe irin na ɗan tunkiya?

To, na tambayi jinin.
Jini ba ya ƙarya, amma ba ya cika baki.
Haruffa huɗu kacal ya sani,
da su yake rubuta mutum daga tafin ƙafa har tsakar ka.
Na bi shi layi-layi.
Nan kakarsa ta sa hannu,
can wani kakan da ba a san kabarinsa ba.
Na'ura ta gama lissafinta, ta ce:
murɗaɗɗe, kashi saba'in da ɗaya cikin ɗari.

Saba'in da ɗaya.
Ragowar ashirin da taran fa, wa zai kwana da su?

Na san abin da safiya za ta kawo.
Yaron gidan burodi a Nowa Huta, mai tulin suma,
da ɗalibin da ke goga kaɗe-kaɗensa a ƙarƙashin gada,
kowannensu zai ji ido a ƙeyarsa.
Shi kuwa mai jinin,
wataƙila tun a daren ya sa reza ya yi ƙwal.
Wataƙila sanƙo ya riga mu da shekara goma.
Wataƙila hula ce kawai, ta gwanjo.

Mahaifiyata, Apolonia,
shekara sittin gashinta na zuba kamar ruwan famfo,
ko tsinke ba ya zama a cikinsa.
Ciwon daji ya zo, magani ya kwashe shi tas.
Muka riƙa tsince shi a kan matashi, a cikin bahon wanka,
ba mai cewa uffan.
Da bazara sai ga shi ya dawo a nannaɗe,
kamar na jinjiri, kamar na wata mata daban.
Ta tsaya gaban madubi, ta daɗe,
ta ce, wannan kuma 'yar gidan wa ce?
Da ɗigon jininta aka kawo mini a ambulan,
da na sa hannu na ce miƙaƙƙe,
da an wuce ta a titi ba a waiwaya ba.

Shi ya sa na rubuta “mai yiwuwa”,
na ja layi a ƙarƙashi, na sake ja.
Wrona zai yi tsaki, zai ce da wannan wa zan kama?
Zan ce masa kama da wane ba ta wane.
Ni ƙofa na nuna maka daga nesa,
ban ce ga mutumin a ciki ba.

Na kashe na'ura. Na cire hular aiki.
Silin gashi guda ya faɗo kan farin tebur,
nawa ne,
bai miƙe ba, bai murɗe ba, yana tsaka-tsaki kamar mai shawara.
Na sa hantsaki na ɗauke shi da sauri
kada ya shiga maganar da ba tasa ba.

Shekara goma sha tara ina tambayar jinin mutane.
Nawa ban taɓa tambayarsa ba.