Jan Layi a Ƙarƙashin Sunanka

Ta mutu ranar Talata, Tiberiu,
tsohuwar kwamfutarka mai tari irin naka.
Fankarta ta ja numfashi sau biyu, allo ya yi baƙi,
ban ma gama lissafin zumar Agusta ba.
Shekara goma sha ɗaya. Ai ta yi ƙoƙari.
Mai gyara a bayan kasuwar Cluj ya juya ta, ya shinshina,
ya ce, "Mama, sai dai haƙuri."
Ya ciro ƙwaƙwalwarta ya miƙo mini a 'yar leda
kamar haƙorin da likita ya cire.

Smaranda ce ta kawo sabuwa,
siririya, ba nauyi,
sanyi kamar farantin da ya kwana a bakin taga.
Ba ta tari, ba ta ƙona cinya.
Na ce, to da me zan ɗumama hannu a Janairu?
Jikarka ta yi dariya, ta ce manhajar ciki ma daban ce,
"Kaka, kwana uku kin saba."
Ta ruga ta kama motar ƙarfe shida,
ta bar ni da baƙuwa a kan teburin kicin.

Maɓallin rufe shafi, wanda ke dama tun kaina da sauran baƙi,
ya yi ƙaura zuwa hagu babu sallama.
Hannuna na komawa tsohon wuri
kamar ƙudan zuman da aka ɗauke wa amya,
suna ta kewaya fili.
In ja ƙasa, rubutu ya hau sama.
In nemi fayil, ta nemi kalmar sirri.
In ba ta, ta girgiza kai,
wai sai da lamba, sai da babban baƙi.
Ni da ke riƙe da littafin ƙungiyar masu kiwon zuma
tun wanda ya ƙera ta yana rarrafe!

An ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.
Na bushe, ga shi kuma ana ta tanƙwarawa.

Taka tana da tabo.
Harafin A ya goge saboda yatsanka,
ga da'irar kofin shayi kusa da linzami,
ga dangwalen kakin zuma da ban taɓa kankarewa ba.
Wannan kuwa fes take, ba ta san kowa ba.

Daren Juma'a dusar ƙanƙara ta rufe rufin cocin unguwa.
Na buɗe farin shafi in ba ka labari, kamar kullum.
Na rubuta sunan da ni kaɗai nake kiranka,
Tibișor.
Taka, harafi uku nake bugawa ta ƙarasa mini.
Wannan sai ta ja jan layi a ƙarƙashi,
wai kuskure ne,
har tana ba ni shawarar wata kalma.

Na rufe ta da ƙarfi har cokali ya faɗi.
Na wanke tukwanen da na riga na wanke.

Sha ɗaya da rabi na kira Smaranda.
Cikin muryar barci ta ce,
"Ɗora yatsa biyu a kan sunan, Kaka.
Za ta tambaye ki ko ta koyi kalmar."

Ashe tana koyo.

Na ɗora. Ta tambaya.
Na daɗe ina kallon tambayar,
don ba kowa ake ba wa wannan suna ba.
Sannan na danna.
Jan layin ya ɓace, ka tsaya a shafi kai kaɗai, daidai.

Yau sati uku, ba kwana uku ba.
Lissafin Agusta ya fita, saura na Satumba.
Hannuna har yanzu yakan fara zuwa dama,
ya tsaya, ya ji kunya, ya dawo.
Jiya kuma zuma ta ɗiga kusa da harafin A.
Na ɗauko tsumma,
sai na mayar da shi aljihu.