Gonar Kawu Mudi Mai Kusurwa Uku

Daren jarrabawa a Wad Madani,
wuta ta ɗauke tun bayan isha'i.
Na kunna fitilar waya, na jingina da buhun gawayi,
tambaya ɗaya ta tsaya mini a maƙogwaro
kamar ƙayar karfasar Nilu.

Alamomin tarawa biyu, dogaye, lanƙwasassu,
wuyan raƙuma biyu a bakin rijiya.
Ta ciki ta ce: fara da y, daga x zuwa ɗaya.
Ta waje ta ce: x daga sifiri zuwa ɗaya, ina jira.
Abin tarawar kuwa e ne,
ya ɗora y sau y a kansa kamar mai tallar tulu,
ya ƙi saukewa.

Na ƙwanƙwasa ta nan, ƙofa a rufe.
Na sauya harafi, na raba shi gida biyu,
shafi uku suka tafi, shayi ya huce.
Wannan e ba shi da asalin da alƙalami zai iya rubutawa.

Sai gonar Kawu Mudi ta faɗo mini,
can bayan Barakat, a ƙarshen hawasha,
inda tur'a ta yanko ƙasa a karkace
ta bar masa kusurwa uku
alhali ta kowa huɗu ce.
Shekarar da ya dasa albasa
ya ja kunyoyi daga kudu zuwa arewa,
ruwa ya shiga taku biyar ya zauna,
ƙarshen kunya na kuka da ƙishi.
Inna Yahanasu ta sauke kwando ta ce:
"Mudi, gona ba ta san alƙibla ba. Juya kunyar."
Ya yi tsaki. Kwana biyu bai ci tuwonta ba.
Ran na uku, kafin rana ta yi zafi,
ya ja layi tsakanin gabas da yamma,
ruwa ya bi shi kamar ɗan akuya.
Ƙasar ita ce dai, ko tafin hannu bai ƙaru ba,
sai dai kowace kunya
ta sake mafari, ta sake matuƙa.

Ustaz Tajussir, alli har gemu,
kullum yana faɗa muna dariya:
"Ku zana filin tukuna, ya jama'a!
Wanda ya musanya haruffa ya bar iyaka yadda take
ya shiga gonar maƙwabci da garma."

Na zana.
Layin da x ya yi daidai da y, ga tur'a a karkace.
Inda x yake sifiri, ga turbar jakuna.
Inda y ya kai ɗaya, ga shingen Hamad Annil.
Ɗazu kunyoyina a tsaye suke,
daga tur'a zuwa shinge.
Na kwantar da su:
kowace ta tashi daga turba, ta tsaya a tur'a,
x daga sifiri zuwa y,
gajeru a ƙasa, suna tsawo ina hawa,
y daga sifiri zuwa ɗaya.

Ashe e bai san x ba, ko a hanya ba su taɓa gaisawa ba.
Ya zauna shiru, na auna tsawon kunya,
tsawonta y.
Wannan y ɗin da ya faɗo gefensa
shi ne makullin da nake lalube tun isha'i.
Layi biyu:
e, a cire ɗaya, a raba biyu.

Na daɗe ina kallonsa.
Sauro ya ci rabonsa a idon sawuna, ban kore shi ba.

Da asuba na kira Barakat.
Na ce, "Inna, kin warware mini lissafin jami'a."
Ta ce, "Wane lissafi?
In kin fito, ki biya kasuwa
ki ji mini nawa buhun albasa yau."