Lissafi a Bayan Kwalin Sukari

Ni mai awon wake ne a kasuwar Kumo.
Buhu, in na ɗaga shi sau ɗaya,
na san tiya nawa ke ciki, ko an cusa ƙaiƙayi.
Amma daren Talata Barira ta ɗaure ni
da awon abin da ba ya shiga mudu.

"Bappa, kafin a sayi fom, a ƙiyasta.
Ba a fafe gora ranar tafiya."
Ta yago bayan kwalin sukari,
ta ja layi da biro mai tsiyaya:
dama, abin da za a biya;
hagu, abin da aka ce za a ba mu.

Dama ta cika tun shayi bai huce ba.
Rajista. Gadon kwana, ko rabinsa.
Farar rigar ɗakin gwaji.
Motar Gombe, zuwa da dawowa,
garin kwaki, manja, sabulu,
da katin waya, don in ji muryarta ran Juma'a.

Hagu kuwa duk "in" ce.
Tallafin jiha, in suna ya fito.
Ɗan Jauro Manu ya samu bara,
kuɗin zangon farko suka iske shi
yana naɗe katifa, an gama shekara.
Na wani kamfani, in maki ya kai;
nata ya kai, da ƙyar, kamar wandon bara.
Bashin karatu, in...
nan na yi tari, na dubi rufi.
Ubana ya rasu ba a bin sa ko sisi.

Na ce, "Rubuta su duka, Allah na nan."
Ta ce, "Yana nan. Zan rubuta rabi.
Kai ka ce ba a cinikin biri a sama."
Yarinyar da na goya
ta auna ni da mudun kaina.

Muka tara, muka ɗebe, muka sake.
Dubu tamanin da bakwai
suka tsaya a tsakiya, ba dama, ba hagu,
kamar jaki a kan gada.

Tumaki biyu ne a turke. Ba su kai ba.
Idona ya je lungu,
kan keken ɗinkin marigayiya, lulluɓe da zane.
Ban ce komai ba, ta ji ni.
"Ba za a sayar ba. Da shi zan tafi.
'Yan makaranta ma zif ɗinsu na lalacewa."
Ta rubuta shi a hagu,
shi kaɗai ba ta sa masa "in" ba.

Da safe kwalin na aljihuna, ya jiƙe da gumi.
Wata ta tsaya: "Malam, nawa tiya?"
Na ce, "Tamanin da bakwai."
Ta dube ni, ta dubi waken.