Baƙon Cinyata

Tun da motar albasa ta kife a hanyar Ƙwanni
nake kwana da baƙo a cinya:
ƙarfe, da kusa shida.

Wata tara lafiya lau.
Sai ɗinkin ya soma hawaye.

A asibitin Tawa likita ta ɗaga hoton ƙashi ga taga:
"Zabairu, ka san gansakukar gindin randa?
Haka ƙwayoyin suka yi,
sun lulluɓa da yauƙi, sun kafa gari.
Allura na sallama, ba mai amsawa.
Ƙarfe ba shi da jini."

Tunkiyata ta tafi kantin magani, ba ta dawo ba.

Jibi za a cire shi.
Na ce a wanke a ba ni,
in ga wanda ya tsai da ni
ya kuma sauki maƙiyana.