Rabin Zabuwa

Shekara talatin Baba Nomau yana zane a Katako:
zaki a bayan tifa, shaho a ƙofar mai aski,
rago mai murmushi a allon mahauci.
Ya ce ragon ya san abin da ke jiransa,
shi ya sa ya ba shi haƙoran mutum.

Wata Laraba burushi ya suɓuce masa,
shi ma ya bi shi ƙasa.

A asibitin da ke kallon kogi
likita Haladu ya ɗaga hoton kan Baba ga fitila.
Na zaci nama zan gani.
Sai na ga gawo da damina,
tsirara, reshe na haifar reshe,
na ga ƙoramu yadda shirwa ke ganinsu daga sama.
Ya ɗora bakin bik a gefen dama:
nan ne ruwa ya daina zuwa.
Dama ke kiwon hagu, in ji shi,
makiyayi a wannan gaɓa, garke a waccan.
Idonsa lafiya lau.
Hagu ce ta fice daga duniyarsa ba sallama.

Muka koma Bukoki.
Yakan cinye rabin tuwo ya ce a ƙaro,
in juya masa kwanon, ya sa mini albarka.

Na sayo kaye da fensir biyu.
Zabuwar maƙwabta ta shigo tsakar gida tana masifa,
ya kama ta da ido, hannu ya tuna aikinsa:
baki, zankon kai, wuya, ƙirji, ƙafa ɗaya,
ɗigo bayan ɗigo, kowanne a gurbinsa.
A tsakiyar baya layi ya tsaya cak
kamar titin da kuɗin kwangilarsa suka ƙare.

Baba, ina wutsiya?
Ke Tsahara, zabuwa ta cika.

Da dare na sace kayen na ƙarasa ta.
Layina matsoraci ne, yana tafiya yana waiwaye.
Da safe takarda ta karkace a cinyarsa, ya gani,
ya ce wa ya ɗinka wa zabuwata gindin agwagwa?
Ban sake ba.

Shafi ya bi shafi.
Bushiya mai ƙaya a ɓari guda.
Kunama da ƙugu ɗaya.
Jemagun da ke barin mangwaro gab da magariba
su yi wa sararin Yamai baƙin rubutu,
a kayen Baba fiffike ɗaɗɗaya gare su,
kuma ko ɗaya bai faɗo ba.

Likita ya ce ƙwaƙwalwa tururuwa ce:
ka share mata hanya da tafin ƙafa,
za ta yi dirin-dirin, ta shinshina, ta fasa wata.
Wani lokaci. Ba kullum ba.
Ya ce in ja jan layi a bakin shafi ta hagu,
in ce, nemi ja, Baba, kafin ka ce ka gama.
Wata huɗu ina faɗa.
Wata huɗu yana cewa wane ja.

Jiya da hantsi ƙadangare ya hau katangarmu,
jan kai, mai gyaɗa wa kowa kamar ya yarda.
Baba ya fara shi daga hanci.
Yana kan ƙafar gaba, kyanwa ta diro,
ƙadangare ya zura hagu,
idon Baba ya bi shi,
fensir ya bi ido,
ya ƙetare tsakiyar kaye inda ƙusar waya take,
ya ja wata doguwar wutsiya karkatacciya
har ta taɓa jan layin.

Ya yi shiru.
Ya ga randa, ya ga turmi, ya ga takalminsa ɗaya
da ya daɗe yana zargin yara da ɓatarwa.
Sannan ya gan ni
a kan tabarmar da nake zama tun watan azumi.

Ya ce, a'a, Tsahara,
yaushe kika zo?