Kyalla da Sakata

Shekara ashirin da uku ina Panteka,
tartsatsin walda ya cinye rigunana.
Ƙofofi da yawa a Malali aikina ne,
ɓarawo kan ga ɗinkin ƙarfena ya ƙara gaba.
Ban taɓa jin kunya a kan ƙarfe ba
sai da akuyar Inna ta zare mini sakata.

Kyalla sunanta. Ƙahonta guda guntu ne
tun karonta da mai keke a Tudun Wada.
Ɗakin dusa yana bayan rijiya,
ƙyauren langa-langa, ƙusa a lanƙwashe.
Da asuba Inna ta tarar da buhu a farke,
Kyalla na tuƙa, gemu fari fat,
ko gezau, sai ka ce gadon ubanta.

Na ce wannan ai aikin yaran shago ne.
Na yanko rodi, na yi mai zamiya.
Kwana biyu tana tsaye gindin zogale,
ba ƙofar take kallo ba, hannuna,
da idon nan mai tsaga a kwance.
Rana ta uku ta sa leɓe ta ja hagu.
Ina kan buzu na jiyo ƙarar,
na rasa raka'ar da nake cikinta.

Na sake wata: sai an ɗaga, sannan a ja.
Mako guda ina cin tuwona da daɗi.
Ashe guntun ƙahon da muke tausaya mata
shi ne daidai ramin.
Ta ɗaga da shi, ta ja da baki,
ta shige, 'ya'yanta biyu na biye da ita.

Na mai da sakatar sama, inda sai na yi ɗage.
Ta mirgino turmin Inna.
Da idona na gani, ba labari ba,
goshi a jikin icce, taku ɗaya, hutu ɗaya,
har bakin ƙofa, ta hau abinta.

Labari ya riga ni isa Panteka.
Sallau mai tukwane ya bar zubi yana dariya:
"Tanimu, kawo ta koyon aiki mana,
in ta so kai ka koma cin dusar."
Na haɗiye, na biya kasuwa da yamma,
na sayo kwaɗo mai nauyin dutsen niƙa,
na rataya makullin a wuyan Hansatu,
'yar autata, mai shekara shida,
na ce ko ni na roƙa, kada ta ba ni, na gargaɗe ta.

Kyalla ta shinshina kwaɗon, ta lasa,
ta juya, ba ta ƙara waiwayarsa ba.
Na ce yau dai ƙarfe ya yi magana.

Wata Laraba aka ɗauke wuta tun hantsi,
na dawo gida ba a tsammanina.
Daga zaure na hango Kyalla tana ɗingishi,
ƙafar gaba a sama, kuka siriri,
ta je ta ɗora kai a cinyar Hansatu.
Yarinyar ta duba hagu, ta duba dama,
ta ciro igiyar daga wuya.
Kwaɗo na faɗin ƙas, ɗingishi ya warke,
da ƙafa huɗu ta shige, har da tsallenta.

Na zauna a dakali, na daɗe.
Ni ƙarfe na karanta shekarun nan duka,
ita ta karanci gidan,
ta gano inda ƙofar take da taushi,
wurin da walda ba ta isa ta kama.
Ban daki yarinyar ba. Me zan ce mata?

Yanzu kullum magariba nakan auna mudu,
in kai wa Kyalla da hannuna.
Tana ci tana kallon aljihun da makullin yake.

Jiya wani Alhaji ya zo karɓar ƙofa,
ya ƙwanƙwasa, ya ce, "Ba mai buɗe wannan ko?"
Na goge hannu da tsumma, na ce,
"Ɓarawo dai a'a, ranka ya daɗe.
Amma in kana da akuya, fara tambayar ta."