Baƙuwa a Gangaren Bao Loc

Tun asuba na turo babur rumfar Khiem,
hazo bai ɗaga daga gonakin shayi ba.
Ya durƙusa ya shafa tayar baya da tafin hannu
kamar mai duba goshin yaro da zazzaɓi,
ya ce, "Nhung, wannan ta suɗe,
zanenta ya tafi, suna kawai ya rage."

Ya sauko da sabuwa daga ƙusa,
baƙa wuluk, tana warin roba,
'yan gashinta tsaye cirko-cirko.
Bai taɓa kuɗina ba sai da ya nuna mini
lambobi huɗu a gefenta,
biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara.
"Taya ko a rataye tana tsufa,
kada sheƙi ya ruɗe ki."

Ya kafe babur, ya kwance notuna,
ya jera su a murfin gwangwanin madara
bi da bi, yadda ya ciro su.
Ya saki iska, ta fita da tsaki.
Ƙarafa biyu, gwiwa ɗaya,
tsohuwa ta saki ƙarfenta ba gardama.
Ya kaɗa sabulu a kofin da ya gama shan gahawa,
ya shafa kumfa a leɓen sabuwa,
ya tsaya neman kibiya.
"Ga ta. Inda ta nuna, can za ta juya.
Wanda ya sa ta baibai,
ranar ruwa zai ji a jikinsa."

Famfo ya yi nishi, taya ta ce tas, ta sake cewa tas,
ta zauna daram.
Ya auna iska tun tana sanyi,
ya ɗaure noti, ya taɓa sarƙa da ɗan yatsa,
ya taka birki sau uku har ya kama,
ya juya ta a iska yana kallo
ko za ta yi rawa.

Sannan ya riƙe mini hannu, bai ba ni makulli ba.
"Baƙo makaho ne ko da idonsa.
Wannan ba ta san kwalta ba tukuna,
akwai santsi a fatarta.
Kilomita ɗari da hamsin ki lallaɓa ta.
Ban da fizgar totur, ban da cafkar birki,
a kwana ki kwanta kaɗan,
gobe ki ƙara kaɗan,
har gefenta ya yi kaushi."

Ban ce masa na sani ba.
Na san tabon da ke kafaɗar yayana Trieu,
wanda ya fita daga wannan rumfa da sabuwar taya
da sabuwar riga, yana fito,
kwanar farko bayan gada ta karɓe su duka.
Har yau da hagu yake ɗaukar kwando.

Na ɗaure buhun ganye biyu, na bar na uku,
na ja igiyar hular kwano har haɓa.
Gangara ta buɗe, yayyafi ya sauko.
Samari suka wuce ni fuu,
wata motar katako ta dame ni da oda,
na raɓe na ba ta hanya.
Sauri ya haifi nawa.
Mai sayen ganye zai yi mita, ya yi.

Kwana huɗu muna koyon juna,
ni da ita, da duwatsu.
Ran na biyar na tsuguna a bakin kasuwa,
na shafa ta daga tsaka zuwa gefe:
sheƙi ya tafi, gashi ya kakkaɓe,
ta yi toka-toka kamar tafin mai noma.

Da yamma na biya rumfar Khiem.
Ya jira ta huce, ya sake auna iska,
ya sa sifana a noti, bai motsa ba.
Ya ɗaga kai ya ce,
"To, yanzu ta san ki.
Ɗauki buhu na uku."